Bayani a kan Daidaita Kulocin Babur a Ƙofar Gida da Abin da Ya Biyo Baya

Kuloci, a wajen kanikawa, shi ne abin da ke tsakanin inji da giya, wanda yake haɗa su idan ana son tafiya, yake kuma raba su idan ana son tsayawa ko sauya giya ba tare da an kashe inji ba. A irin baburan da suka cika titunan Kano da Katsina da Maraɗi, wato su Jincheng da Lifan da Bajaj Boxer da danginsu, kulocin tarin faifai ne da ke jiƙe cikin baƙin mai a gefen inji, wasu na ƙarfe zalla, wasu an manna musu abu mai kaushi, an jera su bi da bi, sifirin yana danne da su. Muddin suna danne, duk juyin da inji ya yi sai ya isa tayar baya, idan kuwa mahayi ya matsa hannun kuloci da ke hagunsa, sai wata waya ta ja wani ɗan ƙarfe a jikin inji, faifan su saki juna, inji ya ci gaba da kukansa shi kaɗai. Wayar nan siririyar igiyar ƙarfe ce da ke kai da komo a cikin kube, kuma da yake ana jan ta ba adadi a kowane wuni, a hankali takan miƙe ta saki. Abin da ake kira daidaita kuloci bai wuce mayar da wannan saki kan ƙa'ida ba, wato a bar wa hannun kuloci ɗan wasa, ma'ana tazarar da yake motsawa a banza kafin ya fara jan komai, wadda a irin waɗannan babura aka fi so ta kasance tsakanin milimita 10 zuwa 20 idan aka auna a ƙarshen hannun. Idan wasan ya yi kaɗan, faifan ba sa kama juna sosai, sai a ji inji yana ihu babur yana rarrafe, ƙarshenta su ƙone. Idan wasan ya yi yawa, ko an matse hannun har ya taɓa mariƙin roba faifan ba sa rabuwa gaba ɗaya, sai giya ta riƙa shiga da ƙara, firi, wato matsayin da babu giya ko ɗaya a ciki, ya yi wuyar samu, babur ya riƙa jan jiki a danja mai shi yana tirjewa da ƙafa.

Da yawa daga cikin baburan da ke zuwa daga ƙasar Sin kwaikwayo ne na CG125, wanda kamfanin Honda na Japan ya fitar a tsakiyar shekarun 1970 musamman domin ƙasashen da masu babur ba sa juye baƙin mai a kan kari, aka ƙera injinsa yadda zai jure sakacin mai shi. Injiniyoyin sun yi nasara a kan sakaci. Abin da ba su yi wa tanadi ba shi ne ranar da mai babur zai tashi da niyyar kula da shi da kansa.

Mutumin da wannan bayani ya shafa malamin makaranta ne a cikin birnin Kano, magidanci, wanda ake ganin girmansa a unguwa har zuwa la'asar ɗin Asabar da ta wuce, kuma marubucin ya san shi sani na haƙiƙa, domin hula ɗaya suke sawa. Baburinsa yana fama da cuta ta biyu daga cikin biyun da aka ambata, ya kalli yadda ake gyaran a wayar salula, ya ga mai gyaran bai ko ɓata rigarsa ba, sai ya yanke cewa mutumin da ke koya wa yara lissafi ba zai gagara juya noti biyu ba.

Wuri biyu ake daidaita wayar kuloci. Na farko yana kusa da hannu, inda akwai wani ɗan ƙarfe mai rami da waya ke ratsawa, da wata 'yar da'ira mai tsaga-tsaga da ke kulle shi, kuma an yi su ne domin a juya da yatsu. Na biyu yana can ƙasa a jikin inji, inda ƙarshen kuben ya zauna a kan wani mariƙi, noti ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, kuma nan sai da sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya. Kowane sabon babur yakan zo da 'yar jakar kayan aiki a ɓoye bayan murfin gefe, da sifanoni masu baki biyu, da sifanar fulogi, da sukudireba, da filaya, amma binciken da mai babur ya gudanar a gidansa ya nuna cewa waɗannan kaya sun daɗe da samun wasu ayyuka. Sifana mai lamba 10 da 12 ta tafi gyaran janareta a gidan wani ɗan'uwa tun sallar bara ba ta dawo ba, sukudireba ya koma madafa inda ake fasa ƙanƙara da huda gwangwanin madara da shi, filaya kuwa ita ce kan famfon tsakar gida tun ranar da kansa na asali ya karye, har sai da aka yi alkawari mai ƙarfi kafin uwargida ta bayar da aronta.

Ya kamata a yi ɗan bayani a kan lambar da ke jikin sifana, domin a nan masifar ta fara tsiro. Lambar faɗin kan noti ce a milimita, daga gefe zuwa gefen da ke fuskantarsa. Masu ƙere-ƙere na Japan, da waɗanda suka kwaikwaye su, suna tafiya ne a kan 8 da 10 da 12 da 14 da 17, alhali a Turai notin da Japanawa ke yi wa kai mai lamba 12 sai a yi masa mai lamba 13. Da yake an fara haɗa motocin Peugeot, wato Fijo, a Kaduna tun 1975, kuma babu dattijon da ya taɓa riƙe 504 da bai ajiye sifanoninta ba ko da motar ta daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan, sai ya kasance duk gidan da aka aika yaro aro a wannan lungu, lamba 13 yake dawowa da ita. Notin da ke jikin baburin malam kuwa 12 ne. Milimita ɗaya ba komai ba ce a idon mai kallo, amma noti kusurwa shida gare shi, kuma sifanar da ta yi masa yawa ba ta kama gefensa, kusurwar take ci, idan aka matsa sai ta zame ta ɗebi ɗan ƙarfe, a sake matsawa ta sake ɗiba, har noti ya koma mulmulalle. An kuma kawo wata tsohuwar sifana ta zamanin awon Ingila mai rabin inci, wanda ya yi daidai da milimita 12.7, ita ma ta ci rabonta. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mai babur ya hau a-daidaita-sahu ya tafi Ƙofar Ruwa, inda babu ƙarfen da za a nema a rasa, ya biya kuɗin mota da ya fi abin da bakanike zai karɓa, ya zaɓi lamba 12 mai zobe a kowane kai, saboda ya ji an ce mai zobe tana kama kusurwa shida gaba ɗaya ba ta cinye noti. Maganar gaskiya ce. Sai da ya dawo ya tsuguna ya lura cewa zobe ta sama ake zura shi, notin nan kuwa waya ce ta ratsa tsakiyarsa, wayar kuma kanta ɗaya yana hannu ɗaya yana inji, don haka babu ta inda zobe zai shiga sai dai a kwance wayar ɗungum. Aka koma kan filayar famfo.

A daidai wannan lokaci majalisar dakali ta cika, domin an sauko daga sallar la'asar, kuma babu abin da ke tara dattawa kamar mutum mai ilmin boko a tsugune yana gumi. Tela ya bayar da shawarar a ɗiga man keken ɗinki, shawarar da ita kaɗai ce take da ɗan amfani, shi ya sa ba a tsaya a kanta ba. Wani ɗalibin jami'a ya ce a kashe a sake kunnawa, kamar yadda yake yi wa kwamfutarsa. Mai kayan miya na gidan da ke kallon nan, wanda ya shanya busasshen barkono a kan buhuna a gefen lungu, bai bayar da shawara a kan kuloci ba, roƙo kawai ya yi a ɗan juya kan babur ya kalli wancan ɓangare, aka ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba tafiya za a yi ba. Amma wanda ya mallaki majalisar shi ne wani tsohon direban babbar mota, wanda kowa ke kira Baba Direba, mutumin da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kano da Ikko, wanda kuma bisa shaidar kansa bai taɓa tuƙa babur ba, domin a ganinsa abin da ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa sai an kafe shi bai cancanci a kira shi abin hawa ba.

Fatawar Baba Direba ita ce iska ta shiga. Don a yi masa adalci, wajibi ne a bayyana cewa maganar tana da tushe a fagensa: a manyan motoci da dama, ƙarfin ƙafar direba ta cikin bututun mai yake bi ya isa kuloci, kuma idan iska ta shiga bututun sai abin takawa ya yi laushi, giya ta ƙi shiga, sai an yi abin da kanikawa ke kira bilidin, wato a buɗe wata 'yar kafa a riƙa takawa har iskar ta fice. Mai babur ya yi masa bayani cikin ladabi cewa nan babu bututu babu mai, waya ce kawai. Baba Direba ya gyara zama ya tambaye shi ko wayar ba a cikin kube take ba, aka ce haka ne, ya ce kuben ba rami ba ne, aka ce rami ne, ya ce, "To, Malam, kai da kake koyar da yara, me ke zama a cikin rami in ba iska ba?" Majalisa ta yi na'am, har da masu tafa cinya, kuma har yanzu da ake rubuta wannan bayani mai babur bai sami amsar da za ta rushe wannan hujja a bainar jama'a ba. Daga nan dattijon ya shiga tarihin wata mota da iska ta shiga kulocinta a hawan dutse da lodin gyaɗa, da yadda ya sauko da ita da dabarar taka kuloci sau biyu, labarin da ya ɗauki tsawon lokacin da filaya ta ɗauka tana ɓare fatar yatsun malam, yana yi yana dakatawa ya nuna taya da sandarsa ya ce ita ma a duba ta, domin iskar da ta ɓace a wani wuri dole ta bayyana a wani.

Daga ƙarshe noti ya motsa, kuma a nan ne ilmin lissafi ya ci amanar mai shi. Tsawon wayar ciki ba ya canzawa. Abin da ake ƙara wa tsawo ko a rage shi ne kube. Idan aka warware madaidaicin ya fito waje, kube ya ƙara tsawo ke nan, sai ya cinye sakin da ke jikin waya, wasa ya ragu. Idan aka murɗa shi ciki, kube ya gajarta, waya ta ƙara saki. Mai babur ya yi tunani irin na kowane mai hankali, cewa abin da ya saki ɗaure shi ake yi, ɗauri kuwa ciki ake murɗawa, saboda haka ya murɗa na sama har ƙarshe, ya sauka ya tura na ƙasa ta inda ya ga waya tana samun walwala. Da ya matsa hannun kuloci sai ya ji shi lallausa, babu tauri ko kaɗan, ya ba tela ya matsa, tela ya ce ko sabo bai kai wannan ba, yanzu ko jariri zai iya. Babu wanda ya tambayi dalilin laushin, wanda shi ne cewa hannun ya daina jan komai.

Hanyar gwaji da ta dace sananniya ce: a bar babur a kafe a kan ƙafar tsakiya yadda tayar baya za ta yi sama, a tayar da inji, a matse kuloci, a sa giya ta ɗaya, idan taya ta ɗauki gudu da ƙarfi an san kuloci bai raba ba, kuma ba wanda ya ji ciwo. Mai babur ya yi niyyar yin haka, amma Baba Direba ya ce ba a gwada doki a turke. Aka sauke babur daga kafi, malam ya hau, ya buga kik, inji ya tashi. Ko a nan akwai sauran rufin asiri, domin babur da kulocinsa bai raba ba idan aka jefa masa giya inji yana ƙasa-ƙasa, zabura ɗaya yake yi ya mutu, a yi dariya a watse. Sai dattijon ya ɗaga murya sama da ƙarar inji ya ce, "Ba shi wuta, Malam! Ba shi wuta sosai iskar ta fita!" Mai babur ya murɗa totur, wato mariƙin dama da ke ƙara wa inji mai, har tagogin lungu suka amsa, ya matse kuloci da hagu har ya taɓa roba, ya ɗora ƙafar hagu a kan giya, ya taka.

Abin da ya faru daga taka giya zuwa tsayuwar ƙura bai kai tsawon atishawa uku ba, amma ruwayoyi sun saɓa a kansa, kuma ya dace a kawo su. Tela ya ce tayar gaba ta tashi har ta kai ƙirjin mutum. Ɗalibin jami'a ya ce ba ta wuce gwiwa ba, sai dai shi hankalinsa ya rabu, domin yana ta laluben wayarsa ya ɗauki hoto, kuma har gobe yana ganin rashin caji a ranar nan shi ne babbar asarar da aka yi. An kuma saɓa a kan abin da mahayin ya furta: masu kyautata masa zato sun ce salati ya yi, wasu sun ce "Hanya!" ya ce, yaran lungu kuwa, waɗanda ba su da wata manufa a cikin lamarin kuma suka fi kowa kusa, sun haɗu a kan cewa mahaifiyarsa ya kira, da sunan da yake kiran ta tun yana goye. Ruwayar yara ita ce mafi inganci.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne yadda gaɓoɓin mahayin huɗu suka kasance a wannan ɗan lokaci, domin kowace tana wurin da bai kamata ba. Idan babur ya zabura gaba, jikin mahayi baya yake yi, kuma hannun dama da ke riƙe da totur baya yake murɗawa, baya kuwa ita ce hanyar ƙara wuta, ta yadda duk ƙoƙarin da mutum ya yi na riƙe kansa ƙara wa babur gudu yake yi. Yatsun da za su kama birkin gaba su ne suka dunƙule a kan totur. Ƙafar dama, wadda ke da alhakin birkin baya, tana ƙasa lokacin da tafiyar ta fara, sai ta biyo baya tana shara, silifa ya yi nasa wuri. Ƙafar hagu ta gama aikinta na ɓarna ta tashi sama. Hannun hagu kuwa, wanda shekaru suka koya masa cewa matse kuloci shi ne maganin kowane firgici, yana ta matsawa yana saki yana sake matsawa, hannun kuloci yana shiga yana fita cikin laushin nan da tela ya yaba. Mai babur ya tabbatar wa marubucin cewa a cikin wannan ƙiftawar ido ya sami sararin fahimtar batun kube da waya fahimta cikakkiya, irin wadda bai samu ba duk tsawon yinin, har ya ga kuskurensa a fili kamar an rubuta a allo, kuma a daidai lokacin da fahimtar ta kammala tayar gaba ta sauka a kan buhun barkono na farko.

Buhu a kan siminti ba ya riƙe taya. Kan babur ya karkata, babur ya kwanta a gefensa, mahayi ya rabu da shi ya ci gaba da tafiya a kan gwiwoyinsa. Irin waɗannan babura masu kafireto, wato abin da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji, ba su da na'urar da ke kashe inji idan an faɗi, saboda haka inji ya ci gaba da aiki, giya tana ciki, gefen tayar baya yana gugar buhu na biyu, yana niƙa barkono yana watsa shi sama, har lungu ya yi ja.

A cikin wannan jan hazo ne mai babur ya tsaya da tafiyar gwiwa, ya ga takalma biyu sau-ciki a gabansa, masu tsabta, da gefen farar babbar riga, da ƙarshen sanda. Ya san takalman, domin shi ya saye su da azumi. Surukinsa ne, mahaifin uwargida, wanda ya taso daga ƙauye ba tare da aike ba, ya sauka a bakin titi, ya shigo lungu a ƙasa a daidai lokacin da ake fitar da iska.

Surukuta a ƙasar Hausa tana da ƙa'idoji da ba sa sauyawa saboda yanayi: mijin 'ya yakan cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ba ya haɗa ido, ba ya kuma fara wata magana kafin gaisuwa ta ƙare. Da mai babur ya duba halin da yake ciki sai ya ga duk sharuɗɗan sun cika ba da niyyarsa ba, takalma sun fita tun daga nesa, nesa ƙwarai ma, ɗaya yana kan dakali ɗaya a kwata, gwiwoyi suna ƙasa, kai yana sunkuye, hula ce kawai ta yi gaba ta tsaya a gefen sandar dattijo. Tashi a wannan lokaci rashin kunya ne, bayani kuma kafin gaisuwa ya fi tashi muni. Sai ya haɗa hannuwansa da suka yi baƙi da mai, ya ce, "Baba, barka da zuwa. An zo lafiya?"

Dattijon, wanda mutum ne mai kawaici da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya dubi bango kamar yadda al'ada ta tanada, ya ce, "Lafiya lau, Malam. Mun same ku lafiya?" Aka ce lafiya lau. Aka tambayi mutanen gida, aka tambayi hanya, aka tambayi damina, suruki ya tambayi aiki aka ce da godiya, ya tambayi yara aka ce suna nan ƙalau, duk wannan kuwa tayar baya tana juyawa taku uku daga gefen rigarsa, barkono yana sauka a kan farin yadi. Wajen tambaya ta biyar atishawa ta fara, ta kama mai gaisuwa, ta kama mai amsawa, ta tsallaka dakali ta kama tela da ɗalibi da sauran majalisa, har masu yi wa juna addu'ar atishawa suka kasa sanin wa za su amsa wa, amma babu ɗaya daga cikin surukan biyu da ya yarda ya tsallake gaisuwa ko ɗaya, sai dai a yi tambaya, a yi atishawa, a share hawaye, a amsa. Mai babur ya ce da ƙasa ta tsage a lokacin da ya shige, ya kuma ja buhu ya rufe. Da gaisuwa ta kai ƙarshe, dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci yana neman abin da zai faɗa wanda ba zai kunyata mijin 'yarsa ba, sannan ya ce, "Hala fita za a yi na tsayar da kai?" Aka ce masa a'a, Baba, ɗan gyara ake yi. Ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta a hankali, ya miƙa, ya ce, "Madalla. Ya dai gyaru ko?"

Kafin a sami amsar wannan tambaya, ƙaramin ɗan mai babur ya fito daga zaure a guje, ya wuce kakansa bai gan shi ba, ya tsaya a kan mahaifinsa ya isar da saƙo da ƙarfi yadda aka ba shi, cewa Umma ta ce idan an gama da filaya a kawo, za ta ɗora girki babu ruwa. Mai kayan miya yana tsaye a kan ragowar shanyarsa yana lissafi da yatsu, bai ce uffan ba, abin da ya fi zagi ciwo. Shi kuwa inji, da yake mai ya malale a kafireto saboda kwanciyar da babur ya yi, sai ya fara shaƙewa, ya yi tari sau biyu, ya buga wata ƙara ta salansa, ya mutu.

Baba Direba ya sauko daga dakali, idanunsa jajir, yana toshe hanci da gefen rawani, ya zagaya babur, ya danna tayar baya da babban yatsa, sannan ya juyo ga majalisa ya ce, "Kun ji wannan ƙarar ta ƙarshe? Ita ce iskar, ta fita ke nan. Malam, ɗaga shi ka sake hawa, Alhaji ya ɗan matsa gefe."